Ambruwas Fare, Wanzamin Da Ya Zama Likitan Sarakunan Faransa

A ƙasar Faransa, yau fiye da shekara 400 ke nan, an yi wani mutum wanda ya fara sana'a da aska da ƙaho, ya ƙare yana likitan sarakuna huɗu bi da bi. Sunansa a rubutun mutanen ƙasarsa Ambroise Paré, mu kuwa a bakinmu sai mu ce Ambruwas Fare. Bai shiga jami'a ba, bai kuwa san Latin ba, watau harshen da malaman Turai su ke rubuta ilmin likita da shi a wancan zamani. Duk da haka ana lissafa shi cikin iyayen aikin fiɗa. Wanda ya ke son sanin yadda aka faro koya wa masu jiyya tarbar mutumin da aka harba, ko aka sara, ko wuta ta ƙona, bisa ga abin da aka gwada aka gani da ido, ba makawa ya bi ta kan labarinsa.

An haife shi wajen 1510 a wani ƙauye kusa da garin Laval, yamma da birnin Faris. Yana saurayi ya zo Faris ya zama yaron wanzami. Kafin mu ci gaba ya kamata mu bayyana yadda masu magani su ke a birnin nan a lokacin, don in ba a fahimci wannan ba, ba za a gane dalilin faɗan da aka yi ta yi da shi har tsufansa ba. Hawa uku ne. Na sama su ne likitocin jami'a, masu Latin, waɗanda su ke duba fitsarin majiyyaci, su ji bugun jininsa, su faɗi magani, amma ba su taɓa miki da hannunsu, don a ganinsu ƙasƙanci ne. Na tsakiya wata 'yar ƙungiya ce ta likitocin fiɗa masu dogayen riguna, ana kiranta ƙungiyar San Kwam, su ma suna taƙama da Latin. Na ƙasa su ne wanzamai. Su ke aski, su ke ƙaho da tsagar jijiya, su ke cire haƙori da huda maruru, kuma su a kan kira in an sari mutum a kan hanya ko ya faɗo daga bene. Watau dai wanda ya fi kowa karatu shi ya fi kowa nisa da jini, wanda kuwa jini ya ke zuba a hannunsa kullum, littattafan da zai iya karantawa ba su taka kara sun karya ba.

Fare ya yi sa'a ya sami aiki a babban asibitin Faris, Otel Diyu, wanda ya ke bakin kogin Sen, ya yi kamar shekara uku a can. Wuri ne na talakawa, ana cusa majiyyata da dama a gado guda, mai zazzaɓi kusa da mai karaya. A nan ya ga cututtuka iri iri, ya kuma sami damar feɗe gawa ya ga yadda aka shirya jikin ɗan Adam. Daga baya duk sa'ad da aka yi masa gorin rashin karatu, waɗannan shekaru ya kan lissafa a matsayin makarantarsa.

A 1536 yaƙi ya tashi tsakanin Sarkin Faransa, Faransuwa na 1, da Sarki Sharl na 5, mai mulkin Sifen da ƙasashen Jamus. Fare, wanda ko shaidar zama gwanin wanzami bai riga ya samu ba, ya bi wani babban hafsa mai suna Montejan, shugaban dakarun ƙasa, zuwa arewacin Italiya. A wancan lokaci runduna ba ta da ma'aikatar likita tata. Kowane babba ya kan tafi da wanzaminsa, talakan soja kuwa in ya faɗi sai abin da hali ya yi. Tun farkon tafiyar nan Fare ya ga abin da wannan ya ke nufi. Sun shiga wani gari da suka ci, ya leƙa wani barga don neman wurin ɗaure doki, sai ya tarar da sojoji uku jingine da bango, albarushi ya babbake fuskokinsu, ba su gani, ba su ji, tufafinsu na ta hayaƙi. Wani tsohon soja ya zo ya tambaye shi ko da sauran dabara, ya amsa babu. Nan take tsohon ya zare wuƙa ya yanka su ɗaya bayan ɗaya, ba da fushi ba. Fare ya zage shi, tsohon ya nuna masa cewa shi ma abin da ya ke fata a yi masa ke nan in ya shiga irin wannan hali. Wannan shi ne taimakon gaggawa da talakan soja ya ke sa rai da shi a shekarar da Fare ya fara aiki.

Raunin bindiga kuwa a lokacin sabon abu ne ga malaman likita, don littattafan mutanen da, na Girka da na Larabawa, ba su san shi ba. Littafin da kowa ya dogara a kansa shi ne na wani Ba'italiye, Jobanni da Bigo, likitan Paparoma, wanda ya fito a 1514. Shi ya koyar cewa albarushi dafi ne, kamar yadda maharbi ya ke shafa wa kibiya dafi, saboda haka dole a ƙone raunin tun da wuri don a kashe dafin. Hanyar ita ce a tafasa mai, a gauraya shi da wani haɗin maganin dafi, a tsiyaya shi cikin ramin da harsashi ya bi yana tafasa. A tuna babu maganin sa barci a lokacin, sai a 1846 aka fara nuna amfani da shi a bainar likitoci. Fare ya karanta wannan koyarwa, ya kuma tsaya ya ga manyan da suka riga shi suna yin haka, shi ma ya bi sahu.

Sai ga wata rana a 1537, aka kai hari kan wata ganuwa da ke bisa dutse a Abiliyana, kan hanyar birnin Turin. Masu rauni suka yi yawa ƙwarai. Fare ya yi ta zuba tafasasshen mai har man ya ƙare, ga kuwa sauran mutane kwance suna jira. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man wardi da wani ƙaro da a ke kira tarfentin, ya shafa musu da sanyinsa, ya naɗe. Daren nan bai runtsa ba, don ya tabbata a ransa cewa da safe zai iske su gawa, dafi ya gama da su, kuma alhakinsu yana wuyansa. Tun kafin gari ya waye ya tashi ya je duba su. Abin da ya gani ya saɓa wa littafi. Waɗanda aka shafa wa haɗin nan mai sanyi sun sami barci, zafi kaɗan su ke ji, raunukansu ba su kumbura ba. Waɗanda aka yi wa magani yadda malamai suka ce kuwa, ga zazzaɓi, ga kumburi, ga azaba. Daga ranar ya ƙudura ba zai sake ƙona wanda aka harba ba.

A nan mu ke so masu karatu su dakata tare da mu, don wannan safiya ita ce ƙashin bayan labarin. Haɗin gwaiduwar nan ba wani babban magani ba ne, amfaninsa dai bai ƙara wa rauni ɓarna ba. Yau an san albarushi ba dafi ba ne. Abin da ya ke kashe wanda aka harba, in ya tsira daga zubar jini, shi ne ƙazanta da guntayen tufa da harsashi ya ke tura cikin nama, da mataccen naman da ƙwayoyin cuta su ke samun abinci a cikinsa. Tafasasshen mai kuwa ƙara yawan mataccen nama ya ke yi, watau an ɗora ƙuna a kan harbi. Fare bai san komai game da ƙwayoyin cuta ba, sai wajen shekara 300 bayansa aka gane su sosai. Abin da ya samu shi ne jeri biyu na mutane masu rauni iri ɗaya, a rana ɗaya, a hannun mutum ɗaya, an yi wa waɗannan abu kaza, an yi wa waɗancan wani abu dabam. Ba shi ya zaɓi wanda zai sami mai da wanda ba zai samu ba, ƙarewar man ce ta raba su. Ba mamaki kafin shi mai ya sha ƙare wa waɗansu wanzamai a fagen fama, amma wanda ya ga majiyyacinsa ya tashi lafiya sai ya ce sa'a ce, gobe ya koma ya hura wuta. Shi kuwa ya dubi jerin nan biyu ya kwatanta su, da ya ga idonsa ya saɓa wa littafi sai ya bi idonsa. Gani ya kori ji, amma fa sai ga wanda ya yarda ya duba. A 1552 aka fitar da littafin wani likitan Italiya, Bartolomeyo Maggi na Bolonya, wanda shi ma ya tabbatar da cewa raunin bindiga ba shi da dafi.

Kada a zaci daga ranar nan Fare ya rabu da duk camfin zamaninsa. A Turin akwai wani likita da ya yi suna wajen warkar da harbi, yana da wani asirin magani da ba ya gaya wa kowa. Fare ya yi shekara biyu yana bin sa da fadanci da kyauta kafin ya buɗe masa. Ashe 'yan kwikwiyo ne sababbin haihuwa a ke dafawa cikin man wata fure, a haɗa da tana da tarfentin. Fare ya karɓa da murna, don a ganinsa ya yi kama da nasa haɗin, ya kuma yi shekaru yana aiki da shi. Bai gwada shi yadda ƙaddara ta gwada masa mai ba, sunan mai maganin ya ishe shi.

Amma a wani wurin ya yi gwajin da gangan. An kawo masa wani yaron kicin da ya faɗa cikin tukunyar mai, ya tafi wurin mai sayar da magunguna, sai wata tsohuwa 'yar ƙauye da ta ji abin da ya faru ta ba shi shawara ya daka ɗanyar albasa da gishiri ya manna. Bai raina ta ba, ya gwada, washegari ya ga inda albasa ta taɓa bai yi bororo ba. Da ya ke abu ɗaya ba ya zama hujja, sai ya jira. Ba da daɗewa ba gorar albarushi ta kama wuta ta ƙone wa wani soja fuska. Fare ya sa albasa a gefe guda na fuskar, ya sa maganin da aka saba a ɗaya gefen, gefen albasa ya fi kyau. Mu yi hanzarin faɗakar da masu karatu, abin koyi a nan shi ne raba fuskar biyu da ya yi, ba albasar ba. Taimakon farko da likitoci su ke koyarwa yau ga wanda ya ƙone shi ne a yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibiti, ba tare da an shafa komai ba.

Ya komo Faris, a 1541 ya sami shaidar gwanin wanzami, ya yi aure. A 1542 ya sake fita yaƙi, a wannan karon garin Farfinyan, kusa da iyakar Sifen. A can aka harbi wani babban hafsa, Birisak, a kafaɗa, manyan likitoci suka yi ta lalube ba su sami harsashin ba. Fare ya sa shi ya tsaya daidai yadda ya ke sa'ad da aka harbe shi, ya bi hanyar da hankali ya nuna, ya ji harsashin a ƙarƙashin allon kafaɗa, aka tsaga aka cire.

Wani malamin jami'a, Silbiyus, gwanin sanin sassan jiki, ya ji labarin abin da ya gani a Italiya, ya ƙarfafa shi ya rubuta. A 1545 ɗan littafinsa na farko ya fito, a kan jiyyar raunin bindiga. Da Faransanci ya rubuta shi, harshen kasuwa da na sansanin soja. Gaskiya ne ba shi da wani zaɓi tun da bai iya Latin ba, amma kuma ya san waɗanda ya ke rubuta wa, watau samarin wanzamai irinsa, waɗanda su ne su ke fara isa kan mai rauni. Mu da aikinmu ya ke na koyarwa, wannan shi ne abin da ya fi burge mu cikin rayuwarsa duka. Da ya riƙe abin da ya gano ya zama asirinsa, kamar likitan Turin, da ya yi suna ya tara dukiya, sa'an nan asirin ya bi shi kabari. Da kuma ya nemi wani ya juya masa shi cikin Latin tun farko, da malamai sun yi ta muhawara a kansa a zaure, wanzamai kuwa suna can suna tafasa mai. Ilmin ceton rai na gaggawa amfaninsa yana ga mutumin da ya ke tsugune kusa da mai rauni cikin sa'ar farko, in bai kai kunnen wannan mutum cikin harshen da ya ke ji ba, tamkar ba a gano shi ba. Haka ya ci gaba. Babban littafin Besaliyus na sassan jiki, wanda ya fito da Latin a 1543, Fare ya tsamo abin da ke ciki ya sauƙaƙa shi da Faransanci domin wanzamai.

Shekarar 1552 ta cika masa da aiki. A kan hanyar Jamus aka sassari wani talakan soja da takobi, a kai da hannuwa da kafaɗa, har abokansa suka haƙa masa rami don runduna za ta tashi, suna gudun kada mutanen ƙauye su same shi su wulakanta shi. Fare ya roƙa a bar masa shi, ya ɗora shi a keken doki a kan shimfiɗa, ya zama shi ne likitansa, shi ne mai haɗa masa magani, shi ne mai dafa masa abinci, har mutumin ya tashi. Sojojin ƙungiyar suka yi karo-karo suka ba shi kuɗi. Ya kan jingina irin wannan waraka ga Allah, ya ɗauki nasa aikin wanke miki da naɗewa kawai.

A shekarar nan kuma, wajen ƙawanyar da aka yi wa garin Dambile, harsashin igwa ya ragargaza ƙafar wani bafade, ya zama dole a yanke ta. Al'ada ita ce da an guntule ƙafa sai a ɗauko jan ƙarfe daga wuta a yi wa dungun lalas don jini ya tsaya. Ban da azabar, akwai wata illa: in ɓawon ƙunar ya faɗi bayan kwanaki, jini ya kan sake ɓallewa. Fare ya ajiye ƙarfen, ya kamo bakin kowace jijiyar jini da wani hantsaki mai kama da bakin hankaka, ya ɗaure ta da zare. Bafaden ya warke ya koma gida da ƙafar itace. Ɗaure jijiya ba Fare ya ƙago shi ba. Likitocin Rum sun san shi, Azzahrawi na Ƙurɗuba ma ya bayyana shi tun wajen shekara 1000. Abin da ya ke nasa shi ne kai shi ga yankan ƙafa da hannu a fagen yaƙi. Bai yi gaggawar shela ba, sai a 1564 ya buga bayaninsa, bayan ya maimaita aikin ya ga sakamakonsa, a ciki kuwa ya fito fili ya janye shawarar lalas da shi kansa ya taɓa bayarwa a rubuce. Malamai nawa mu ka sani da za su iya soke abin da suka buga da sunansu?

Daga nan Sarki Hanri na 2 ya ɗauke shi cikin likitocin fada. A ƙarshen 1552 aka shigar da shi garin Mez a asirce cikin dare, Sarki Sharl na 5 na kewaye da garin, don masu rauni na ta mutuwa a ciki. A 1553 aka kama shi bursunan yaƙi a Hedan, ya fanshi kansa da warkar da wani tsohon gyambo a ƙafar ɗaya daga cikin manyan abokan gaba. A 1554 ƙungiyar San Kwam ta shigar da shi cikinta duk da rashin Latin ɗinsa, don ba a ƙin mutumin sarki. Ya bauta wa Hanri na 2, da 'ya'yansa uku da suka gaje shi, Faransuwa na 2, da Sharl na 9, da Hanri na 3, daga 1562 kuwa shi ne shugaban likitocin fiɗa na fada. A 1561 dokinsa ya harbe shi a ƙwauri wajen shiga jirgin fito, ƙashi ya karye ya hudo fata, shi da kansa ya riƙa gaya wa abokin aikinsa yadda zai yi ɗorin, ya kuma rubuta labarin jiyyar domin almajirai. A 1562, a yaƙin Ruwan, raunuka suka riƙa ruɓewa a hannunsa duk da sabuwar hanyarsa. Ya ɗora laifin a kan ɓacin iska, don iyakar abin da ilmin zamaninsa ya ba shi ke nan, amma bai ɓoye cewa mutane sun mutu ba.

Akwai wani gwaji nasa da ba za mu iya yabawa ba, ba kuwa za mu tsallake shi ba. An kawo wa Sarki Sharl na 9 wani dutse da a kan samu a tumbin waɗansu dabbobi irin akuya, aka ce yana karya kowace irin guba. Fare ya ce ba zai yiwu abu ɗaya ya karya dukan guba ba, tun da kowace da yadda ta ke aiki, ya kuma ce a gwada. Akwai wani kuku a kurkuku da aka yanke wa hukuncin rataya don ya saci faranti biyu na azurfa. Aka yi masa tayi ya sha guba, a bi da dutsen, in ya rayu an yafe masa. Ya yarda, don wanda ya ke ganin igiya me zai ƙi? Ya yi kamar sa'a bakwai cikin azaba mai tsanani kafin ya cika. Sarki ya sa aka jefa dutsen a wuta. An sami amsa, amma a kan ran mutumin da ba shi da ikon cewa a'a, kuma dokokin binciken likita na yau sun haramta irin wannan sarai. A 1582 ya rubuta wani littafi yana ƙaryata amfanin garin gawar Masarawan da, da ƙahon wata dabba da a ke cewa ƙaho ɗaya gare ta, magunguna biyu masu tsadar gaske da manya su ke sha. Shi ɗin ne kuma a 1573 ya fitar da littafin halittu masu ban mamaki, cike da dodannin da bai taɓa gani ba, ya dai ji an faɗa.

A 1575 ya tara rubuce-rubucensa cikin babban kundi guda. Likitocin jami'a, bisa jagorancin wani Gurmelan, suka tashi haiƙan don hana shi fita, suna cewa wanzami ya shiga gonar da ba tasa ba, ya kuma tona ilmi ga jahilai. Ba su yi nasara ba. A 1580 Gurmelan ya buga littafi yana sukar ɗaure jijiya, yana kare lalas. Amsar Fare ta fito a 1585, yana da shekara kamar 75, kuma yadda ya shirya ta abin lura ne. Da fari ya jero malaman da waɗanda suka ambaci ɗaure jijiya, don ya nuna ko a fagen littafi ba a kayar da shi ba. Sa'an nan ya kawo majiyyata ɗaya bayan ɗaya, da irin ciwonsu, da waɗanda suka halarci aikin suka shaida, da yadda aka ƙare. Daga bisani ya ba da labarin yaƙe-yaƙen da ya halarta, yana yi wa abokin hamayyarsa ba'a cewa daga kan kujera ya san fiɗa. Sai dai adalci ya sa mu faɗa cewa masu shakka suna da 'yar hujja. Ɗaure jijiyoyi yana cin lokaci, jini kuwa ba ya jira, kuma zaren da ba shi da tsabta ya kan jawo ruɓa. Hanyar ba ta zauna da gindinta ba sai bayan Feti ya ƙago maɗaurin da a ke murɗawa ya tsai da jini a 1718, Lista kuma ya kawo hanyar kashe ƙwayoyin cuta a 1867. Kundin nasa dai ya bazu, an juya shi cikin Latin a 1582, cikin Ingilishi a 1634, har ta hannun mutanen Holan ya kai Japan.

Abin da ƙarewar mai ta yi wa Fare bisa tsautsayi, yanzu da gangan a ke shirya shi. A 1747 Jems Lind ya raba ma'aikatan jirgin ruwa 12 kashi shida don gwada maganin ciwon da rashin ɗanyen abinci ya ke kawowa. A 1948 aka buga gwajin maganin tarin fuka a Ingila wanda aka raba majiyyata ta hanyar ƙuri'a. A farkon shekarun 1990 malaman Jami'ar Makmasta ta Kanada suka mai da aikin likita bisa hujja ya zama darasi mai suna, wanda a ke koya wa ɗalibi ya tambayi kowane magani ina shaidarsa. Tafasasshen mai kuwa bai ƙare a duniya ba, kamanni ya ke sakewa. An yi shekaru masu yawa ana yi wa wanda ya bugu a kai allurar wani maganin rage kumburi, bisa zaton yana ceton ƙwaƙwalwa. Da aka gwada a kan mutum kamar 10,000, sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna cikin mako biyu 21 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar sun mutu, waɗanda ba a yi wa ba kuwa 18 cikin 100. A 2010 wani gwajin a kan mutum fiye da 20,000 a ƙasashe 40, har da Nijeriya, ya nuna wata allura mai araha tana rage mutuwa ta zubar jini ga masu rauni, bincike na gaba kuma ya nuna sai an yi ta cikin sa'a uku na farko ta ke amfani.

Ƙarshen rayuwar Fare ya zo cikin yaƙin basasa na addini da ya daɗe yana cin Faransa. A Agusta 1572 shi ya yi jiyyar Kolinyi, jagoran ɗaya ɓangaren, da aka harbe shi a titin Faris, kwana biyu kafin a kashe shi a fara kisan kiyashi a birnin. A 1590 Hanri na 4 ya yi wa Faris ƙawanya, yunwa ta kashe dubban mutane. Wani mai rubuta tarihin birnin a lokacin ya ba da labari cewa tsohon, yana da shekara 80, ya tare Babban Limamin Kirista na Liyon, ɗaya daga cikin shugabannin masu riƙe da gari, a bakin wata gada, ya faɗa masa a gaban jama'a ya dubi talakawa da ke mutuwa ya nemi sulhu. An janye ƙawanyar ba da daɗewa ba. Fare ya rasu a gidansa ran 20 ga Disamba 1590, aka binne shi a majami'ar San Andire da ke unguwarsu.